Saniyar da ta amsa kira, kada a tarbe ta da sanda

 Yau hirarmu a kan yadda dabba take koyo ne, har da mu 'yan Adam.

Makiyayi ya yi kira ɗaya, shanu su ɗago kai su nufo shi. To, yaya aka yi suka san kiran?

Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu lambar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci a ciki, ya lura karnukansa suna dalalar da miyau tun abinci bai iso ba, da sun ji takun mai kawowa. Sai ya riƙa sa wani sauti, sannan ya ba su abinci. Da aka jima, sautin kaɗai ya isa miyau ya zubo. Da ya ci gaba da sautin babu abinci, a hankali miyau ya daina. Haka kiranka yake, malam makiyayi. Idan kanwa ko ruwa ke biyo bayansa, shanu za su riƙe shi. Idan kullum kiran banza ne, za su daina kulawa.

Hanya ta biyu, wani Ba'amurke ne, B. F. Skinner, ya bayyana ta a littafinsa na 1938. Ya sa ɓera a akwati mai ɗan ƙarfe a ciki. Duk sanda ɓeran ya danna ƙarfen, abinci ya faɗo, sai ya yawaita dannawa. Wato abin da ya biyo bayan aiki nan take, shi ke sa a maimaita aikin ko a bar shi.

Ku riƙe kalmar nan: nan take. A ce saniya ta ɓalle ta nufi gonar mutane. Ka kira ta, ta dawo, cikin fushi ka zabga mata sanda. Kai a ganinka ka hore ta kan ɓallewa. Ita kuwa abin da ta yi na ƙarshe kafin dukan shi ne dawowa, don haka dawowar za ta guda. Gobe ka kira, ta ƙara nisa, ta afka wa gero. Daga nan sai biyan ɓarna, wani lokacin har rigima da manomi.

'Yan kasuwa, ku ma da ku nake. Yaron shago ya zo da kansa ya ce kuɗi sun yi giɓi, ka rufe shi da zagi. Ka koya masa ɓoyewa ke nan. Fara yaba masa kan faɗin gaskiya, sannan ku zauna lissafi.

Saniya in ta dawo, shafa ta, ɗan ba ta kanwa. Tsawa kuwa, a yi ta lokacin da take juya kai zuwa gona.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo kasuwa.