Jawabi a Kan Ɗakin Shan Magani na Ƙauye

Maganar yau a kan ɗakin shan magani na ƙauye ce, wanda a ke kira disfensare tun yana hannun En'e. Nan talaka ya kan fara zuwa in zazzaɓi ya kama ɗansa, ko naƙuda ta taso wa matarsa da tsakad dare. To, gini kaɗai ba ya warkad da kowa, sai da malamin da ya san aikinsa. Saboda haka a 1992 Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar yi wa malaman nan rajista. Babban malami shekara 3 ya ke yi a makaranta, ƙarami 2, kāna a ba shi lasin duba majinyata.

Saura kuɗi, wanda ya daɗe yana kawo cikas. Dokar Lafiya ta 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin wannan aiki. Amma fa ba a ba ɗaki rabonsa sai an zo an duba shi, an ga ya cancanta. Dagatai da masu unguwanni su riƙa leƙawa, su tambaya ko an duba nasu.