An Kashe Escobar a Kan Rufi, Wa Ya Tuna da Yaron da Aka Ba Saƙo?

 

Makon jiya na tsaya a Onklou, ina jiran mota a wata rumfar cajin waya. Samari kusan goma sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, suna kallon kashi na ƙarshe na zango na biyu na Narcos, wanda aka juya da Faransanci. Da aka harbe Pablo Escobar, wani yaro ya dafe kai ya ce, "Kai, an kashe namiji!" Sauran suka yi tsit kamar an yi musu rasuwa. Maganar yaron nan ta biyo ni har gida, ita ce kuma ta kawo hirarmu ta yau.

Ga wanda bai san shirin ba, kamfanin Netflix ne ya fara fitar da shi a 2015, zango na biyu ya biyo baya a 2016, kowane zango kashi 10. Labarin Escobar ne, uban masu fataucin hodar iblis na birnin Medellin a ƙasar Kolombiya, kuma ɗan wasan Brazil Wagner Moura ne ya fito a matsayinsa. A kashi na ƙarshe, mutumin da ya taɓa shiga jerin attajiran duniya na mujallar Forbes yana ɓoye a wani ɗan gida, babu kowa tare da shi sai direbansa. Kewar iyali ta sa ya daɗe yana magana a waya, jami'an tsaro suka bi sawun kiran. Ya yi ƙoƙarin tserewa ta kan rufi, ƙafa ba takalmi, a nan aka harbe shi. Haka ta faru a zahiri ranar 2 ga Disamba, 1993, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 44.

To, za ku ce ai shi ke nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, shiri ya koyar da darasi. Amma fa ku lissafa. Kashi 19 mai kallo ya yi yana zaune da mutumin nan: ya ga motocinsa, ya ga yadda ake rawar jiki in ya shigo, ya ga yana wasa da 'ya'yansa. Faɗuwar kuwa kashi ɗaya ce. Shi ya sa yaron rumfar caji ya ji kamar ɗan'uwansa aka kashe.

Na tambaye su, "Kun tuna saurayin da aka ba rikoda a zango na farko?" Sai da suka yi ta tunani. A shirin, an samo wani talakan saurayi mai mata da jinjiri, aka saya masa sutura, aka ce ya hau jirgi ya naɗi hirar wasu mutane. Bai san bam ne a cikin rikodar ba. Shi jirgin ba ƙirƙira ba ne: na kamfanin Avianca ne, ya tarwatse ranar 27 ga Nuwamba, 1989, kuma duk mutum 107 da ke ciki sun mutu. Ɗan takarar shugaban ƙasa da ake hari, César Gaviria, bai ma hau jirgin ba.

Ƙannena, in har rayuwarmu ta shiga irin wannan labari, a gurbin wannan saurayi za a sa mu. Hanyar Parakou zuwa Djougou hanyar fatake ce tun zamanin goro. Yau ma ana tare ɗan zem ko yaron mota a ce, "Kai min wannan kwali gaba, ga jaka biyar, ba sai ka buɗe ba." In 'yan sanda ko 'yan duwan suka buɗe suka ga tramol, wa za a kama? Mai kayan ya kashe wayarsa. Kai ne za ka tsaya gaban alƙali, kuma tun 2018 Benin tana da kotun CRIET da ke sauraren irin waɗannan shari'o'i.

Abu na biyu, mutuwar Escobar ba ta rufe kasuwar ba. Shirin da kansa ya nuna haka, don zango na uku ya koma kan 'yan birnin Cali da suka gaji cinikin. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce a 2023 gonakin ganyen koka a Kolombiya sun kai hekta 253,000. Wani kaso na hodar ta yankinmu yake bi zuwa Turai. A Janairun 2022, an kama fiye da kilo 200 a motar wani magajin gari a arewacin Nijar.

Mu ma Hausawa muna da namu. A Duniya, shirin Tijjani Asase kan rayuwar 'yan daba, ya sa sunan Abale ya shiga bakin yara har nan wajenmu. A 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. Na fahimci damuwarsu, amma ni a ganina hani kaɗai ba ya isa, tunda da jaka ɗaya yaro zai cika katin wayarsa da finafinan duniya. Abin da ya fi shi ne babba ya zauna a yi kallon tare, in an gama ya tambaya: mutum nawa aka binne kafin a kai ga wannan rufi? Ina matansu da 'ya'yansu?

Masu shirya fim kuma, don Allah, in za ku rufe zango, ku kai mu gidan uwar yaron da aka aika, mu ga halin da take ciki.

Kafin motata ta tashi, yaron nan ya matso ya ce, "Yaya, wallahi na manta da mai rikodar nan." Na ce to ka koma ka sake kallo, wannan karon shi za ka bi da ido.

Ku aiko mana da ra'ayoyinku kamar yadda kuka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.