Jawabi a kan wutar lantarki: daga Kainji zuwa Yamai



Maganar yau a kan wutar lantarki take, wadda ake ce ma kuran. Ita ce ke juya injin niƙa. Ita ce ke jawo ruwa zuwa gonakin shinkafa. Ita ce ke sanyaya maganin rigakafi a gidan likita.

Kamfanin da ke raba wutar sunansa Nigelec. An kafa shi a 1968. Babban ofishinsa yana unguwar Filato, cikin Yamai.

To, daga ina wutar take fitowa? Kogin Isa, bayan ya wuce Gaya, sai ya shiga Nijeriya. Can aka tare shi a Kainji. Ƙarfin ruwan ke juya manyan injuna, su ba da wuta. A 1976 aka ja waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Daga baya aka ja wata daga Katsina zuwa Gazawa, don Maraɗi da Damagaram. Wannan wuta ta fi ta injin gazuwal araha.

Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya yake zuwa. A 2023, bayan juyin mulki, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, a watan Agusta kuma Nijeriya ta yanke wutar. Garuruwa suka shiga duhu, masu sana'a suka yi hasara. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Gaskiyar Hausawa: zanen aro ba ya rufe katara.

Shi ya sa ƙasa ke neman nata rumbu. Akwai gawayin Anu Araran, kusa da Agadas. Akwai wutar hasken rana a Malbaza tun 2018, da ta Goru Banda tun 2023. An kuma fara gina madatsar ruwa a Kandaji.

Amma mai rumbu ma yana zuwa kasuwa. A 2022, a Yamai, aka ƙaddamar da aikin wata babbar waya: daga Birnin Kabi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa ƙasar Benin. Manufarta ita ce wanda ya samu rara ya sayar, wanda ya rasa ya saya.

Jama'a, wayar nan dukiyar kowa ce. Kada a kunna wutar daji kusa da turakunta. Kada yara su hau su. Wanda ya ga waya ta faɗi, kada ya taɓa ta, ya gaya ma mai gari.

Allah ya ba mu alheri.