Kyanwar Rumbu da Ciwon Dajin Mama



A Kuyello ta ƙasar Birnin Gwari, kamar sauran garuruwanmu na noma, kyanwa ce ke tsare rumbun masara da dawa daga ɓera. Amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa ita ma tana kamuwa da ciwon dajin mama, kuma ƙari takwas zuwa tara cikin goma da ke fito mata a nono mugu ne mai yaɗuwa. Ciwon nata kuwa yana da darasi game da na iyayenmu mata.

Tun 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya ga dajin mama ya lafa bayan ya cire wa mace jakar ƙwai. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano dalili. Jakar ƙwai tana fitar da sinadarin istirojin, wasu ƙwayoyin daji kuwa suna da makarɓarsa, watau kamar kwaɗo da ɗan mabuɗi. In mabuɗin ya shiga, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa. Maganin tamoxifen toshe wannan kwaɗo yake yi. Saboda haka ƙarin da ba shi da makarɓa, maganin ba ya cinsa.

Yawancin dajin kyanwa ba shi da wannan makarɓa, shi ya sa masana suka koma auna wasu alamomi a jikin ƙarin, irin su furotin HER2 da sinadarin COX-2 mai hura wutar kumburi. To, a 2009 Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka auna ƙarin mata a Nijeriya da Sanagal, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da makarɓar istirojin, alhali ga Turawa masu ita ne suka fi yawa.

Sai dai awon yana da sharaɗi. Tilas ne tsokar da aka yanko ta shiga ruwan fomalin cikin sa'a ɗaya, in ba haka ba makarɓar ta lalace, awo ya ce babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai amfane ta. Ku dubi nisan Kuyello da asibitin koyarwa na Shika, za ku gane cewa kwalbar fomalin a asibitin karkara ba ƙaramin abu ba ce.

Darasi na biyu shi ne lokaci. Kyanwar da aka yi wa aiki ƙarinta bai kai santimita 2 ba takan ƙara shekara 3, wadda nata ya wuce santimita 3 kuwa sau da yawa watanni kawai take yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban likitan dabbobi na Samaru da na likitan mutane su riƙa haɗa kai wajen bincike. Ma'aikata kuma su tuna da ɗakin awo ranar kasafin kuɗi. Mu duka kuwa, in mun je gida hutu, mu gaya wa iyayenmu da ƙannenmu cewa kullutu a mama, ko ba ya zafi, asibiti ake kai shi tun yana ƙarami.

Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.