Masu Baki Biyu: Leƙen Asiri a Yaƙin Kano na 1903



Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano ta wajen Ƙofar Kabuga, kuma kafin rana ta faɗi birni ya koma hannunsu. Ana yawan jingina wannan nasara ga igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Sun yi aikinsu, babu musu. Amma Morland bai taso daga Zariya a makance ba, domin shekaru kafin nan labarin Kano yana isa kunnen Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ta bakin fatake da 'yan aike da tafintoci. Da ɗan gari akan ci gari.

Leƙen asiri ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Lokacin da Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga yake kawo hari har Gezawa da Tattarawa a ƙarshen ƙarni na 19, garuruwan ribaɗi na arewa irin su Dambatta da Babura sun dogara ne da magewaya. Ƙasa ce mai cunkoson gonaki da ƙauyuka, runduna ba ta ratsa ta ba a gani ba, saboda haka wanda ya riga samun labari shi ke da rabin nasara.

Abin da Turawa suka ƙara shi ne albashi da rubutu. Adamu Jakada ya yi wa Kamfanin Neja aiki, daga baya ya koma ƙarƙashin Lugga. A fili, mai kai wasiƙa ne zuwa fadojin sarakuna. A ɓoye kuwa, abin da ya gani da wanda ya ji a hanya da fada yana komawa rahoto, kuma masana tarihi sun buga rahotanninsa na 1899 zuwa 1901. Sarakunan ma ba yara ba ne, su ma suna tatsar labarin Nasara daga bakin irin waɗannan manzanni. Mutum ɗaya, iyayen gida biyu, kowanne yana zaton shi ke cin riba.

A Keffi aka ga inda wannan wasa yake kaiwa. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney. Marubuta da dama sun ɗora laifin a kan tafinta Audu Timtim, wanda aka ce yana gaya wa Magaji magana ɗaya, ya gaya wa Bature wata. Shi ma a ranar ya rasa ransa. Magaji ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuma ya sami hujjar da yake nema ta kai wa Kano yaƙi. Abin takaici ne ƙwarai a ce harshen mutum guda, wanda ba mai iya bin diddiginsa, yana cikin abubuwan da suka jawo wa ƙasa guda yaƙi.

Turawan Ingila sun ƙware a wannan sana'a daga baya. A Yaƙin Duniya na Biyu sun riƙa juya 'yan leƙen asirin Jamus su koma yi musu aiki. Juan Pujol, ɗan Sifen da suke kira Garbo, ya ƙirƙiro wakilai 27 waɗanda babu su a duniya, ya sa Jamusawa suka ci gaba da jiran babban hari a Kale da ke Faransa a 1944 alhali sojojin ƙawance sun riga sun sauka Nomandi. Bambancinsa da Audu Timtim shi ne akwai kwamiti da ke tantance saƙonninsa kafin su fita.

Yau maganar ta dawo gida. A ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kusa da iyakar Katsina, mutane na kokawa da infoma masu nuna wa 'yan bindiga gidan da aka sayar da shanu ko hatsi. Tsoron gaskiya ne. Sai dai mai baki biyu ya fi kowa saurin nuna wani da yatsa, don ya kawar da ido daga kansa. Roƙon da ake yi ga dagatai da masu unguwanni da 'yan sa-kai shi ne kada a hukunta kowa a kan bakin mutum ɗaya. A nemi shaida ta biyu, sannan a miƙa wanda ake zargi ga hukuma.