Kalmar "Fadama" a Bakin Turawa da a Bakinmu



A littattafan labarin ƙasa da muke koyarwa da su, yankinmu na Gobir yana cikin abin da ake kira "sabana", wato fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Yaro yakan hardace kalmar don jarrabawa, yana zaton wata ƙasa ce mai nisa, alhali a cikinta yake kiwon akuyar uwarsa. Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali. Sifaniyawa ne suka ji ta a bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan a ƙarni na 16, daga nan ta shiga Ingilishi. Haka lamarin yake ga sauran sunayen filayen ciyawa na duniya: "prairie" na Amurka daga Faransanci yake, "steppe" daga harshen Rasha, "veld" na Afirka ta Kudu daga Afirkans, "pampas" na Ajantina kuwa daga harshen Kecuwa. Duk inda Ingilishi ya isa, a wurin waɗanda suka riga shi sanin ƙasa ya ari sunanta.

Mu ma an ara a wurinmu. Wanda ya karanta rahoton aikin gona da Ingilishi a Najeriya zai tarar da "fadama" a rubuce yadda muke faɗinta. Tun farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya da Bankin Duniya suka sa wa shirinsu na noman rani wannan suna, aka yi Fadama ta ɗaya, ta biyu da ta uku, har jihohin kudu suka san kalmar. Gambar da muke saƙa zana da ita ta kai Ostireliya da sunanta na Hausa. An kai ta can a shekarun 1930 don kiwon shanu, yanzu ta zame musu annoba saboda gobarar daji.

Sai dai kalma idan ta yi tafiya, takan bar wani abu a hanya. A Ingilishin ofis, fadama ta koma wurin injin ban ruwa, da albasa, da tumatir, da shinkafa. A bakin kakanninmu na gaɓar Gulbin Rima ma'anarta ta fi haka faɗi. Ƙasa ce mai kwari wadda ruwa yake malalewa da damina, ta riƙe danshi har cikin rani. Manomi yana da rabo a cikinta, masunci yana da nasa, makiyayi kuma nan yake gangarowa da shanu idan ciyawar tudu ta bushe. Idan yaro ya tashi da ma'anar ofis kaɗai, zai ga saniya a fadama ya ce ɓarna ta zo yi. Ɗan makiyayi kuma zai ga shinge ya ce an ƙwace masa mashaya. Dukkanmu mun san inda irin wannan saɓani ya kai al'ummar Sabon Birni da Isa.

Harshenmu bai taɓa wadatuwa da suna ɗaya ga fili ba. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, mai son gero da gyaɗa, kuma daga gare ta jihar da aka ƙirƙira a 1991 ta sami suna. Faƙo tauri gare shi, ruwa ba ya shigarsa. Saura gona ce da aka bari ta huta. Makiyaya wurin kiwo ce, mashaya wurin shan ruwan dabbobi, burtali kuwa hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki. Kowace daga cikinsu tana gaya wa mai jin Hausa abin da za a shuka, da wanda yake da haƙƙin wucewa, da lokacin da zai wuce. Tun kafin gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965, waɗannan kalmomi suna aikin doka a ƙauyukanmu.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana gaban reshe shi ne halin da ɗalibanmu suke ciki. Da yawansu rashin tsaro ya raba su da gonakin nesa, wasu an taso da su daga ƙauyukansu. Yaron da ba ya zuwa yankan ciyawa ba zai bambance kyasuwa da harkiya ba. A kunnen ɗan aji uku na yau, "daji" na nufin inda 'yan bindiga suke. A da, wurin itacen girki ne da magarya da zuma. Ranar da Allah ya dawo da zaman lafiya, waɗannan yara ne za su zauna su shata burtali da iyakar gona, kuma ba za su iya ba idan sunayen sun ɓace musu.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Malamin da zai koyar da sabana ya fara da tambayar yara sunayen ƙasar garinsu, sannan ya ɗora kalmar littafi a kai. Kowace makaranta ta ware littafin rubutu guda da za a tara sunayen ƙasa, ciyayi da fadamu daga bakin dattawa, manoma da makiyaya, har da na Fulatanci, a kawo wa reshe a ƙarshen zangon karatu. Iyaye kuma, musamman mata da tsofaffi, ku riƙa ambaton waɗannan sunaye a gida, ku faɗa wa yaro gonar kakansa jigawa ce ko fadama, da inda burtali ya bi ta gefenta, ko da a yanzu ba ya iya zuwa ya gani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa.