Wa ya ce aikin kwamfuta na maza ne?



'Yan'uwa matasa, abin da za mu tattauna yau wata magana ce da take yawo a bakinmu har ta zauna kamar gaskiya. Za ka ji ɗan'uwa ya ce wa ƙanwarsa, "Ke, kar ki taɓa min kwamfuta, wannan ba harkar mata ba ce." To bari mu bi sawun wannan magana mu ga daga ina ta fito.

A 1946 aka ƙaddamar da wata ƙatuwar na'ura a Amurka mai suna ENIAC, wadda take cikin kwamfutocin farko a duniya. Ita kaɗai ta cika ɗaki guda. Su wa suka tsara mata yadda za ta yi lissafi? Mata shida ne. Babu littafin koyo, zanen wayoyinta suka zauna suka nazarta har suka gane kanta. Amma ranar da aka tara 'yan jarida ba a gabatar da su ba. Me ya sa? Saboda a lokacin ƙera na'urar shi ne abin alfahari, shirya mata umarni kuwa ana ganinsa aikin akawu ne, don haka aka bar wa mata. Da aka gano a nan kuɗin yake, a nan muƙamin yake, sai labari ya sha bamban.

A Ingila, wata mata mai suna Stephanie Shirley ta kafa kamfanin rubuta manhaja a 1962. Tana aika wasiƙun neman aiki, shiru. Sai mijinta ya ba ta shawara ta riƙa sa hannu da sunan namiji, "Steve". Amsa ta fara zuwa. Kamfani ɗaya, aiki ɗaya, suna kawai aka canza.

Mu koma Amurka. A 1984, cikin kowane mutum 100 da suka sami digirin farko a ilimin kwamfuta, kimanin 37 mata ne. Zuwa 2010 sun koma kimanin 18. Ƙwaƙwalwar mata ce ta ragu? A'a. Daga cikin dalilan da masu bincike suka kawo, a shekarun 1980 ne kwamfuta ta shiga gidaje, 'yan kasuwa suka tallata ta a matsayin abin wasan yara maza, iyaye suka saya wa 'ya'yansu maza. Da aka je jami'a, yaro ya zo da hannunsa a goge, yarinya kuwa yau ta fara. Sai ta ɗauka ita ce ba ta da basira, ta canza fanni.

Amma ku dubi Malesiya. Binciken da aka yi a shekarun 2000 ya nuna a jami'o'insu mata sukan kai rabin ɗaliban kwamfuta, wani wurin har su haura. Iyaye a can suna ganin aiki ne na cikin ofis, ba na rana ba, don haka ya dace da mace. Kun gani ko? Aiki ɗaya, a wata ƙasa an ce na maza ne, a wata an ce na mata ne. Ashe ba halitta ba ce, maganar mutane ce.

To mu dawo gida. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Ƙanwarka da ka hana ta taɓa taka, ranar jarrabawa ne za ta fara zama gaban na'ura, hannu yana rawa, lokaci yana tafiya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. In ta faɗi kuma mu ne za mu fara cewa, "Dama mata ba su iya ba." Wannan adalci ne?

Na san wani zai ce, ai tarbiyya muke tsoro, intanet cike take da ɓarna. Gaskiya ne, akwai ɓarna. Amma ɓarnar ta ƙyale maza ne? Kuma wacce aka fi saurin yaudara, wadda ta san yadda na'ura take aiki, ko wadda ba ta sani ba? Ka yi tunanin matarka ko yayarka, wayarta ta lalace, da hotunanta da saƙonninta a ciki, dole ta miƙa wa wani ƙato a kasuwa, don babu mace mai gyara. Ina kishin yake a nan? Sannan wannan aiki ana yinsa daga gida. Kamfanin Shirley ɗin nan, yawancin ma'aikatansa na farko mata ne masu aiki daga gidajensu, tun kafin a san intanet.

Kuma a ƙasar nan ma an gwada an gani. A 2018 wasu 'yan mata biyar 'yan sakandare daga Onitsha suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka, da manhajar gane jabun magani.

Saboda haka 'yan'uwa, abin da nake roƙo ba shi da yawa. Wanda yake da kwamfuta, ya ware awa ɗaya a mako ya zauna da ƙanwarsa ya nuna mata. In ta ce fannin kwamfuta take so ta karanta, kar ka yi mata dariya, kuma in Baba ya nemi shawararka, ka tsaya mata. Sau da yawa shingen farko da take cin karo da shi ba a ofis yake ba, a tsakar gidanku yake, kuma kai ne.

Allah ya sa mu gyara.